Yadda ake gane ko batir ne ko altanato idan tsohuwar mota ta daina caji

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota ya san wannan safiyar. Ka murɗa makulli, maimakon inji ya ɗauka sai ka ji kyat-kyat-kyat, fitilun dashbod su dushe. Yaran unguwa su tura ka, mota ta tashi, kowa ya ce maka batir ne. Ka je ka ƙirga kuɗi ka sayi sabo, bayan mako biyu ka sake wayar gari da kyat-kyat ɗin nan.

Ni ma haka ta faru da ni a kan wata Golf 3 da na riƙe shekaru. Batir biyu na saya cikin wata bakwai, har na fara tambayar kuɗin altanato. Wani dattijon rewaya a Panteka ta Kaduna ne ya hana ni. Ya ce, "Alhaji, bari mu auna tukuna." Bai kwance komai ba. Ya ɗora mita a wurare uku, ya sunkuya ya kama wata kitsattsiyar waya da ta haɗa inji da jikin mota, ya ja ta kaɗan, sai ga ta tana zubar da koren gari, rabin zarenta ya tsinke. Waya ɗaya ce ta ci min batir biyu. Tun daga ranar ba na yarda a sayi komai na wutar mota sai an auna, kuma awon nan ba abin da ya fi ƙarfin mai mota ba ne.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne rabon aiki. Babban aikin batir shi ne tayar da inji. Da zarar inji ya tashi, altanato ne ke ɗaukar nauyin fitila, rediyo, fanka, fulogi da famfon mai, kuma shi ke mayar wa batir abin da kikstata ta zuƙe. Tsakaninsu akwai bel, wayoyi, fiyus da wata ƙaramar fitila a dashbod. Kowanne daga cikin waɗannan zai iya kawo alama iri ɗaya, shi ya sa ake bin su ɗaya bayan ɗaya, daga mai araha zuwa mai tsada.

Kayan aikin ba su da yawa: mitar awon wuta mai nuna lamba, irin wadda masu gyaran rediyo da waya ke riƙewa, sufana mai lamba 10 da 13, burushin ƙarfe ko sanfefa, ruwan zafi, da wani wanda zai zauna ya murɗa maka makulli. Cire agogo da zobe kafin ka taɓa batir. Kada a sha taba a kusa, domin batir na fitar da iskar da ke kamawa da wuta. In za ka cire kan batir, fara da na negatif, in za ka mayar kuma shi ne na ƙarshe. Dalili shi ne, idan ka fara da fozitif sufana ta taɓa jikin mota, tartsatsin da zai tashi zai iya narka bakin sufanar.

Da farko, ido da hannu

Buɗe bonet inji a kashe. Kama kowane kan batir ka murɗa da hannu. In ya juya, ka riga ka samu matsala ɗaya. Da yawa daga motocinmu za ka tarar an cusa ƙusa ko guntun gwangwani a kan batir don ya kama. Wannan dabarar ranar tafiya ce, ba ta zama ba. Farin gari ko kore da ke taruwa a kan tamina yana tare wuta. Cire, zuba ruwan zafi, in kana da hodar soda ta yin burodi (baking soda) ka ɗan jiƙa ka shafa, ka goge da burushi har dalma ta yi ƙyalli ciki da waje, ka ɗaure tam, sannan ka shafa ɗan giris a sama.

Dubi jikin batir. In gefensa ya kumbura, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko samansa kullum a jiƙe, ajiye wannan a ranka, alamar caji ne da ya wuce kima, za mu dawo kansa. In batir mai murfi shida ne, buɗe ka leƙa. Ruwa ya kamata ya rufe faranti da kamar santimita ɗaya. Zafin Maris da Afrilu a Kano, Sakkwato ko Maraɗi yana ƙafar da ruwan nan da sauri. Abin da ake ƙarawa tataccen ruwan batir ne, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba, ba fiya wata ba. Ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan, don haka mai ƙara maka asid faranti yake cinye maka.

Sai bel. A tsofaffin motoci masu siririn bel irin Peugeot 504, danna tsakiyarsa da babban yatsa. Bai kamata ya lotsa fiye da kamar santimita ɗaya ba. Juya cikinsa ka gani. In ya tsattsage, ko gefensa ya yi sulɓi yana ƙyalli, ko ya jiƙe da baƙin mai, to zamewa yake yi a kan fuli. Ga gwaji mai sauƙi: inji a kashe, sa hannu ka yi ƙoƙarin juya fankar altanato. In ta juya bel yana tsaye, bel ɗin ya saki. Kukan ƙiii da safe, ko lokacin da ka kunna fitila da na'urar sanyi, yawanci daga nan yake. Amma kada ka ɗaure shi kamar tsirkiyar baka, boris ɗin altanato da na famfon ruwa za su biya bashin.

Awon batir shi kaɗai

Juya mita zuwa 20 a ɓangaren DC. Jan tsinke a fozitif, baƙi a negatif, kuma ka ɗora su a kan dalmar batir kanta, ba a kan maɗaurin ba. Ya fi kyau a yi awon bayan mota ta kwana. In yanzu ka kashe ta, kunna manyan fitilu na minti ɗaya ka kashe, sannan ka auna.

Batir mai lafiya yana da ɗaki shida, kowanne kusan bolt 2.1, jimla 12.6. In ka ga 12.6 cike yake. 12.4 ya kai kashi uku cikin huɗu. 12.2 rabi ne. 12.0 saura kaɗan ya ƙare. In kuma ka ga lamba a wajen 10.5, kuma ko an yi masa caji nan yake komawa, ɗaki ɗaya ya mutu, babu wani magani sai canji.

Nan ne mutane ke yanke hukunci da gaggawa. Ƙarancin lamba ba ya nufin batir ya lalace, yana iya zama yunwa kawai yake ji. Kai shi wurin mai caji a yi masa a hankali, da kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa: batir mai lamba 75Ah a jikinsa a ba shi amfiya 7 zuwa 8, ya kwana. Ka guji cajin minti talatin da ake banka wa batir wuta har ya yi zafi. Kuma duk awon da za ka yi wa altanato da mataccen batir ƙarya zai gaya maka, don haka wannan matakin ba a tsallake shi.

Bayan ya cika, mayar da shi, ka riƙe mita a kansa, abokinka ya murɗa makulli. Idonka a kan lamba lokacin da kikstata ke juyawa. Za ta faɗi, wannan daidai ne, amma kada ta yi ƙasa da 9.6. Batir da ya nuna 12.6 a zaune amma ya faɗo 7 ko 6 da an murɗa makulli ya tsufa, cika ce ta ido kawai. Irin wannan ne ke yin lafiya ƙalau da rana amma ya ƙi tashi da asubar hunturu, domin sanyi na rage ƙarfin batir kuma yana sa man inji ya yi kauri. Zafin bazara ne ya kashe shi, hunturu tona asiri kawai ya yi.

Fitilar da kowa ke rainawa

Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kada ka tayar. Jar fitila mai hoton batir dole ta kama. Tayar da inji, dole ta mutu.

Zan ɗan daɗe a nan, domin abin da ke cikin wannan fitila mutane kaɗan ne suka sani. A yawancin tsofaffin motoci, wannan fitilar tana cikin hanyar caji. Altanato ba shi da maganaɗisu na dindindin. Sai an ɗan ɗana masa wuta a cikin kwayil ɗin da ke juyawa kafin ya fara haifar da tasa. Wannan 'yar wutar ta cikin fitilar dashbod take bi ta isa gare shi. A altanaton Bosch, ƙaramar wayar tana shiga inda aka rubuta D+, a motocin Volkswagen shuɗiya ce. A na Toyota soket ne mai baki uku, S, IG da L, kuma L ce ta fitilar. In ƙwan ya ƙone ko wayar ta tsinke, a motoci da yawa altanato lafiyayye zai yi ta juyawa ba ya ba da komai, ko kuma ba zai fara caji ba sai ka taka totur sosai. Na sha ganin motar da aka cire wa ƙwan nan da gangan don kada mai saye ya ga ja a dashbod.

To in fitilar ba ta kama ba sam, cire ƙaramar wayar daga bayan altanato, makulli a buɗe, ka taɓa ta da jikin inji. In ta kama, ƙwai da waya lafiya lau, matsalar tana cikin altanato, galibi gawayi, wato 'yan sandunan da ke kai wuta ga kwayil mai juyawa, ko katawut, wato mai daidaita yawan caji. In ba ta kama ba, nemi laifin a fiyus, ƙwai ko waya. A mota mai soket, ka tabbata wayar L ce ka taɓa, domin sauran biyun wuta ce kai tsaye. In fitilar tana kamawa amma ba ta mutuwa bayan inji ya tashi, babu caji. In tana ɗan haske dishi-dishi wanda sai da dare kake lura, zargi dayod, wato abin da ke cikin altanato da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai zuwa batir, ko wata mahaɗa da ta yi tsatsa. In tana ƙiftawa a kan gargada, gawayi ya cinye ko waya ta saki.

Awon caji

Inji yana aiki, mita a kan batir. Abin da kake nema tsakanin 13.8 da 14.5 ne. Yanzu ɗora masa kaya: manyan fitilu, fankar ciki a ƙarshenta, rediyo. Abokinka ya taka totur ya riƙe a wajen 2000 a agogon juyin inji. Lamba ta tsaya sama da 13.5. In a silo ta ɗan sauka amma ta hau da an taka, wannan halin tsohon altanato ne, ba abin tayar da hankali ba.

In lamba ta tsaya a 12 da ɗoriya tana raguwa, mota batir take ci. In ta haura 15, katawut ya lalace yana dafa batir. Shi ne mai kumbura shi, mai ƙafar da ruwa, mai ƙona ƙwayayen fitila ɗaya bayan ɗaya. Kada ka yi tafiya mai nisa da mota a wannan hali.

Akwai gwajin da ake yi a gareji da yawa wanda nake roƙonka kada ka bari a yi wa motarka: cire kan batir inji yana aiki, wai in mota ta mutu altanato ne. Wannan dabara ta zamanin dainamo ce. Batir shi ke shanye hawa da saukar wutar altanato. Da ka cire shi, wuta na iya yin tsalle ta ninka, ta ƙona dayod, katawut, har da kwamfutar inji a mota irin 406, Carina E ko Honda Accord. Kuma ko motar ba ta mutu ba, gwajin bai gaya maka ko altanato na ba da abin da ya isa ba. Mita ta fi shi gaskiya kuma ba ta ɓarna.

Kafin ka zargi altanato, auna hanya

Ga awon da ya ceci aljihuna a Panteka. Inji yana aiki, fitilu a kunne. Ɗora jan tsinke a kan babban notin da ke bayan altanato, wanda aka rubuta B+ ko B, baƙi a jikin altanato. A kula da bel da fanka, a naɗe hannun riga. In a nan ka ga 14.2 amma a kan batir 12.8, altanato yana aikinsa, wutar a hanya take ɓacewa.

Don ka san wace hanya, ɗora tsinke ɗaya a notin B+, ɗaya a kan fozitif na batir. Mita ta nuna ƙasa da 0.5, in an samu 0.2 ya fi. In ta fi haka, bi babbar wayar: kan da ya yi baƙi don zafi, babban fiyus ɗin caji da ya ɗan narke, ko wurin da wani ya taɓa yankewa ya murɗe da hannu ya naɗe da salatif. Sannan ɗora tsinke ɗaya a jikin altanato, ɗaya a negatif na batir. Nan kada ta wuce 0.2. In ta wuce, wayar at ce, wato wadda ta haɗa batir da jikin mota, ko wadda ta haɗa jikin mota da inji. Tawa ta nuna sama da bolt ɗaya. Wannan waya tana yawan wahala bayan an sauke inji ko giya, domin yaran gareji kan manta su mayar da ita, ko su ɗaure ta a kan fenti. Kankare wurin har farin ƙarfe ya fito kafin ka ɗaure.

Idan caji lafiya amma batir na ƙarewa da dare

Wani abu ne ke shan wuta mota a kashe. Kashe komai, rufe ƙofofi, cire makulli. Cire kan negatif, mayar da jan tsinken mita ramin 10A, juya zuwa awon amfiya, ka haɗa mita tsakanin kan batir da wayar da ka cire. Kada a murɗa makulli a wannan hali, mitar za ta ƙone. Jira 'yan mintoci. Ƙasa da 0.05 daidai ne, agogo ne da rediyo ke riƙe ƙwaƙwalwarsu. In ka ga 0.3 ko sama, fara zare fiyus ɗaya-ɗaya har lamba ta faɗi. Masu laifin da aka saba kamawa su ne fitilar but da ba ta mutuwa, rediyo ko amfilifaya da aka ja wa wuta kai tsaye daga batir, na'urar ƙararrawar ɓarayi, da cajar waya da aka bari a soket.

In ka zare fiyus duka lamba ba ta motsa ba, cire babbar wayar bayan altanato, ka naɗe bakinta kada ta taɓa ƙarfe. In lamba ta faɗi, dayod ne ya fashe yana barin wuta ta koma baya. Irin wannan altanaton wani lokaci za ka taɓa shi da safe ka ji ɗumi alhali mota ta kwana a kashe. Wata hanyar kama dayod: inji yana aiki, juya mita zuwa AC ka auna a bayan altanato. In ta kai 0.5, dayod ya tafi. Sai dai wasu mitoci masu araha kan nuna lambar banza a wannan awon, don haka in ka ga abu kamar 30, mitar ce, ba motar ba.

In ta tabbata altanato ne

Ba lallai ne ka sayi wani ba. Yawancin abin da ke mutuwa a ciki ƙanana ne. A altanaton Bosch na Golf, Mercedes 190 da Vectra, katawut da gawayi a haɗe suke, sukurori biyu ke riƙe da su a baya, wani lokaci ko sauke altanaton ba sai an yi ba. Cire kan batir, kwance su, ka dubi gawayin nan biyu. In tsayin da ya fito bai kai milimita 5 ba, sun ƙare. Danna su da yatsa, su shiga su fito ba tare da maƙalewa ba, domin ƙurar hunturu haɗe da man da ke ɗiga daga inji kan yi musu ƙanzo. Leƙa zobban tagulla biyu da gawayin ke gogawa. In sun yi kwari mai zurfi, sabon gawayi ba zai daɗe ba. Ɗora mita a kan zobban biyu a ɓangaren om, mai alamar Ω: tsakanin 2 da 5 lafiya, in babu komai kwayil ya tsinke. A wasu tsofaffin 504 da Toyota na da, katawut ɗin akwati ne daban da aka ɗaure a jikin mota, shi ma sai an duba at ɗinsa.

Juya fuli da hannu. In kana jin gurgur ko yana girgiza, boris ne, kuma canjinsa aikin rewaya ne na awa ɗaya ko biyu. Amma in ka shinshina ka ji ƙauri, ka leƙa ka ga wayoyin tagulla sun yi baƙi, kwayil ya ƙone. Ana naɗa shi, sai dai a ganina gara altanato ɗan Beljiyam na asali da naɗin da ba ka san hannun mai yinsa ba.

In za ka saya a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Panteka, tafi da tsohon a hannunka. Haɗa su gefe da gefe: ƙafafun ɗauri, yawan layin fuli, siffar soket, da ƙarfin da aka rubuta a jiki. Kada ka karɓi mai amfiya 55 a madadin mai 90 don araha, musamman in motar tana da na'urar sanyi. Ku yi magana da mai kaya tun kafin ka biya cewa in bai yi caji ba za ka dawo da shi. Sannan kada a ɗaura shi a kan batir da ya zube. Altanato aikinsa ya riƙe batir a cike, in ka bar shi ya cika matacce daga ƙasa zai yi ta aiki a iyakar ƙarfinsa har ya yi zafi, kuma a haka sababbi da yawa ke mutuwa a makon farko.

In kuwa jar fitilar ta kama maka a hanya, a ce tsakanin Zariya da Funtuwa, tsaya ka duba bel tukuna. A mota irin 504 bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa, in ya tsinke ka ci gaba inji zai tafasa cikin 'yan mintoci. In bel yana nan, kashe rediyo, fanka da na'urar sanyi, kada ka kashe inji, ka nufi gari mafi kusa. Da rana cikakken batir zai iya kai ka tafiyar rabin awa zuwa awa ɗaya. Da dare da fitilu a kunne ba zai kai haka ba, gara ka samu gidan mai ka tsaya tun fitilun ba su fara ja ba.

Bayan an gama gyara, kafin ka sallami rewaya, ciro mitarka a gabansa. Inji a silo, sannan a 2000 da fitilu da fanka a kunne. Rubuta lambobin a takarda ka jefa a aljihun dashbod. Washegari da safe, kafin ka murɗa makulli, sake ɗora mita a kan batir: 12.5 ko sama kake son gani.